Ungozomar Kalutara: Yadda Siri Lanka Ta Rage Mutuwar Jarirai

Kwanaki 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar ɗan Adam. Sanyi, ciwon cibiya, haihuwar bakwaini da rashin numfashi a lokacin haihuwa su ke ɗauke jarirai, kuma akasarinsu ba sa buƙatar na'ura mai tsada kafin a kauce musu. Tarihin Siri Lanka, wadda ake kira Silon kafin 1972, shaida ne a kan haka.

A shekarar 1926, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila, aka buɗe cibiyar lafiyar jama'a ta farko a garin Kalutara da taimakon Gidauniyar Rockefeller. Aikinta rigakafi ne. An ba wa likita yanki guda, aka haɗa shi da ungozomomin da suka sami horo, kowace da ƙauyukan da ke hannunta. Ungozoma ba ta zama jiran mai ciki ta zo. Ita ke bin gida-gida, ta rubuta sunan mai juna biyu, ta tura ta awo, bayan haihuwa kuma ta komo ta duba cibiyar jariri da yadda yake kama nono.

Annobar zazzaɓin cizon sauro ta 1934 zuwa 1935, wadda ta halaka mutane kimanin 80,000, ta tona asirin yadda aka yi watsi da karkara. Daga nan aka shiga yaɗa irin waɗannan cibiyoyi da ƙananan ɗakunan haihuwa a ƙauyuka. Ilimi ya zama kyauta a 1945, kula da lafiya a asibitocin gwamnati ma haka bayan samun 'yancin kai a 1948. A ganina, abin da ba a cika yabawa ba shi ne rajistar haihuwa da mutuwa, wadda ta daɗe da zama dole a ƙasar. Da ita hukuma ke gane gundumar da jarirai ke mutuwa, ta tura ma'aikata can.

Ko yaƙin basasar 1983 zuwa 2009 bai rushe tsarin ba. A yau kusan kowace haihuwa a asibiti ake yin ta, kuma jariran da ke mutuwa a watan farko ba su kai 10 cikin 1,000 ba, alhali burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa ƙasashe kafin 2030 shi ne 12.