Tabar Wiwi: Wa Zai Ci Riba, Wa Zai Ɗauki Asara?

'Yan uwana Hausawa mazauna Jimeta da Yola da sauran garuruwan Adamawa, da ma waɗanda neman abinci ya kai su wasu sassan ƙasar nan. Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ba a cika son tayar da ita a gaban manya ba, alhali kowa ya san tana nan a lungunanmu, wato maganar tabar wiwi da kiraye-kirayen da wasu ke yi a Nijeriya cewa a halatta nomanta da cinikinta. Ni ɗan kasuwa ne, a rumfar mahaifina na tashi, kuma abin da aka fara koya mini shi ne kafin ka sa hannu a kowane ciniki, ka tambaya wa zai ci ribarsa, wa kuma zai ɗauki asararsa. To da wannan mudu nake so mu auna maganar, amma bari mu fara da tarihi.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, musamman bayan Turawa sun ci Yola da yaƙi a 1901 zamanin Lamiɗo Zubairu. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau sun zo da tufafi da goro da kanwa da fatu. Abin ɗebe kewarsu shi ne goro da garin taba, mata kuma su ci fure. Masu tarihi sun nuna cewa ko da yake an san wiwi a Masar da gabashin Afirka da kudancinta tun ɗaruruwan shekaru, ba ta yaɗu a Nijeriya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ƙare a 1945. Abin da aka fi faɗa shi ne, sojojinmu da aka kai Indiya da Bama, da ma'aikatan jiragen ruwa, su ne suka dawo da irinta da ɗabi'ar shanta. Ke nan wannan taba ba gadonmu ba ce, yaɗuwarta a tsakaninmu bai wuce shekara tamanin ba.

Da ta samu ƙasa mai dausayi a dazuzzukan kudu maso yamma, sai noma ya kankama. Har yau jihohin Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti su ne suka yi suna wajen nomanta, kuma hanyar da manja da goro da katako ke bi su hauro Arewa, ita ce hanyar da buhunan wiwi ke bi. Tun farkon abin likitoci suka fara ganin sakamako. A asibitin masu taɓin hankali na Aro da ke Abeokuta, Dakta Tolani Asuni ya yi rubutu a 1964 a kan matsalolin da wiwi ke jawo wa marasa lafiyar da yake gani, haka ma Farfesa Adeoye Lambo ya yi a shekarar da ta biyo.

Sai gwamnati ta ɗauko sanda. A 1966, mulkin soja na Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma wiwi, da ɗaurin shekara 10 ga wanda aka kama yana sha ko yana ɗauke da ita. Jama'a ku duba fa, shekara 10 saboda ƙulli ɗaya! Da aka ga gidajen yari na cika da samari, abin kuma bai ragu ba, a 1975 aka sassauta, aka cire hukuncin kisa, mai sha kuma ya koma wata shida ko tara. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake tsanantawa, har a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas saboda safarar hodar iblis da makamantanta. Janar Babangida ya soke kisan, sannan a 1989 ya kafa hukumar NDLEA, wadda a ƙarƙashin dokarta ake gurfanar da masu wiwi har yanzu. A watan Mayun 2024 ma Majalisar Dattawa ta sake kaɗa ƙuri'ar mayar da hukuncin kisa ga masu safara, kafin daga baya majalisun biyu su daidaita a kan ɗaurin rai-da-rai.

To bayan duk wannan ɗauri da kisa, ina aka kwana? A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi bincike a faɗin Nijeriya, suka gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda. Daga ciki miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma ƙwayoyi irin su tiramol. A shekarar ce kuma aka hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC ya tona yadda ake kwankwaɗarsa, musamman a Kano. Wato sama da shekara hamsin ana duka, jakin bai canja hanya ba.

A nan ne masu neman a halatta suka samu bakin magana. Wanda ya fi fitowa fili shi ne marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, wanda ya je Tailan a 2019 ya ga yadda ake noman wiwi don magani, ya dawo yana cewa Nijeriya na zubar da kuɗi a ƙasa. Omoyele Sowore ma ya sa fitar da ita waje a cikin alƙawuransa na takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2019. A Majalisar Wakilai, irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun kawo ƙudiri a kan haka, amma da aka yi muhawara a 2023 sai aka ajiye shi. Hujjarsu ita ce ba sha suke nufi ba, magani da masana'antu suke nufi, da haraji, da aikin yi ga matasa, sannan tun da ana nomawa a ɓoye, gara a fito da ita fili gwamnati ta sa ido.

Suna kuma kafa hujja da duniya. Yurugwai ta halatta a 2013, Kanada a 2018, jihohin Kolorado da Washinton na Amurka tun 2012, Jamus a 2024. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ba manya damar sha a gidajensu a 2018, Maroko ta yarda da noma don magani da masana'antu a 2021, Gana kuma ta yarda da nau'in da sinadarin buguwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A watan Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafiya haɗari da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ce a'a. Sai dai ga wani abin lura: ita Tailan ɗin da gwamnan Ondo ya je koyo, ta saki mara a 2022, shaguna suka cika gari, amma a 2025 ta ja linzami, ta ce ba mai saye sai da takardar likita.

A ɗaya ɓangaren kuwa, babbar muryar da ke adawa ɗan jiharmu ne, Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, mutumin Michika, wanda aka naɗa shugaban NDLEA a watan Janairun 2021. Ya sha nanata cewa ƙasar da mutum sama da miliyan goma ke shan wiwi alhali tana haramce, ba ta da hurumin buɗe wa shanta ƙofa. Malamanmu ma ba yau suka fara magana ba, domin tun zamanin da hashish ta addabi Masar da Sham, malamai irin su Ibn Taimiyya da Zarkashi suka yi rubutu a kan haramcinta, bisa ƙa'idar cewa duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa na giya ne.

Yanzu bari mu zo ga lafiya, domin a nan ne asarar take. Gaskiya ne akwai magani a jikin wannan ganye. A 2018 Amurka ta amince da wani maganin farfaɗiyar yara mai suna Epidiolex da aka tace daga sinadarin CBD, wanda ba ya sa maye. Amma abin da yaro ke naɗewa a takarda ya zuƙa a bayan kango ba shi ne wannan ba. Shi sinadarin THC yake nema, mai juya kai. Likitoci sun ce kusan mutum ɗaya cikin goma da ke sha yana kamuwa har ya kasa bari, idan kuwa tun yana ɗan shekara goma sha ya fara, abin na kai wa ɗaya cikin shida, saboda ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna cewa mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin taɓuwar hankali, idan kuma mai ƙarfi yake sha, kusan sau biyar. Ga tari da ciwon ƙirji, ga mantuwa, ga mutuwar zuciya. Kuma wiwin yau ba ta tsohon soja ba ce. A Amurka, ƙarfin wadda ake kamawa ya tashi daga wajen kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa sama da kashi 15, kuma irin waɗannan nau'o'i masu ƙarfi, su laud da sauransu, sun shigo kasuwar Nijeriya.

Ni na ga wannan da idona. Akwai wanda muka yi sakandare tare, duk ajinmu ba mai kama ƙafarsa a lissafi, shi ke yi wa mahaifinsa lissafin shago tun yana aji uku. Ya fara da zuƙa ɗaya a wajen kallon ƙwallo, kafin mu gama makaranta ya daina zuwa, daga baya ya fara magana shi kaɗai yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a abinci. Mahaifinsa ya sayar da kusan rabin jarinsa wajen neman magani, daga masu ruƙiyya zuwa asibiti a wata jiha. Wanda ya noma ganyen ya karɓi kuɗinsa, direban da ya ɗauko ya karɓi nasa, dillali ya ci nasa, asarar kuwa gida ɗaya ta sauka.

Shi ya sa nake cewa mu auna da mudun kasuwa. Idan aka halatta noma, gonakin suna Ondo da Edo, kamfanonin da za su tace mai su fitar waje suna Legas ko ma ƙasashen Turai, harajin kuma can zai shiga. Mu a Dubeli da Jambutu da Luggere da Rumde da Nasarawo me zai iso mana? Ragowar da ta zube daga buhu, cikin araha. Ƙasar da ta kasa tsare tiramol da kodin, waɗanda halattattun magunguna ne masu lasisi da rajista, har suka koma kayan maye a hannun yara, ta yaya za ta tsare gonar da ke tsakiyar daji? Ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa. Rashin wurin magani ne ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari, kuma duk mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, mutane ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo.

Mu mutanen Jimeta kuma muna da namu ƙarin dalilin. Ba mu manta da yadda 'yan Shila suka hana mutane sakat ba, ƙwacen waya a Keke Napep da sara da rana tsaka, har Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya shelanta yaƙi da su da hawansa mulki a 2019. Ba wiwi kaɗai ta haifi wannan ba, akwai zaman banza da talauci da 'yan siyasar da ke amfani da yara lokacin zaɓe su watsar. Amma duk wanda ya san maɓoyarsu ya san abin da ake zuƙa a can. Kuma mu da kakanninmu suka zo daga wani wuri, jarinmu na farko a garin nan shi ne mutunci. Da shi aka ba su masauki, da shi aka ba su bashi, da shi aka ba su aure. Yaro ɗaya in ya ɓaci, ba sunan gidansu kaɗai ake kira ba.

To amma kada a ɗauka ina cewa a ci gaba da tafiya yadda ake. Tarihin da na kawo ya nuna ɗauri kaɗai bai taɓa magance abin ba. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya aka jefa shi gidan yari cikin 'yan fashi, yakan fito ya fi da lalacewa, babban dillali kuwa yana gida yana shan iska. A ganina a bar haramcin nan yadda yake, amma a raba mai sayarwa da mai sha: na farko mai laifi ne, na biyu mara lafiya ne. Idan kuma ana son maganin da ke jikin ganyen, a bar shi a hannun likitoci da masu bincike, kamar yadda ake yi da allurar kashe zafi a asibiti.

Akwai kuma abin da ke hannunmu, wanda ba sai mun jira Abuja ba. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da ke tara kuɗi don biki da gobara da rasuwa, za su iya ware wani abu don kai yaro asibiti tun abin bai yi nisa ba. Iyayenmu masu shaguna su riƙa ɗaukar yaran unguwa koyon ciniki kamar yadda aka ɗauke su, har da wanda ya taɓa faɗawa ya tuba. Masu gidajen haya su san wanda suka ba ɗaki. Limamanmu su yi bayanin abin a fili da harshen da yara ke ji. Iyaye mata kuma su daina rufa wa ɗa asiri har sai ya fara tsince-tsince a bola, domin ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Ina fata waɗanda suka girme ni, musamman waɗanda suka ga Jimeta ta shekarun baya, za su ƙara mana haske a kan yadda abin ya shigo unguwanninmu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu.