Yadda Dodo Ke Wanke Ɗan Fashi: Nazarin Fim ɗin From Dusk Till Dawn da Idon Mai Kallo a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin fim ɗin Amurka mai suna From Dusk Till Dawn (1996), wanda ya soma da labarin 'yan fashi ya ƙare da labarin masu shan jini. Ra'ayin da ya yaɗu shi ne cewa rabin farko na fim ɗin labarin laifi ne, ban tsoro kuwa sai a rabi na biyu. Maƙalar ta ƙi yarda da wannan rabo. Ga mai kallon da ke zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi, inda garkuwa da mutane ta daɗe tana hana jama'a barci, rabin farko ne ke tayar da hankali. Aikin masu shan jinin a cikin labarin shi ne su mantar da mai kallo laifin ɗan fashi, har ya koma yana yi masa fatan tsira.

1.0 Gabatarwa

Robert Rodriguez ne ya ba da umarnin fim ɗin, Quentin Tarantino ya rubuta shi bisa labarin Robert Kurtzman, aka sake shi a watan Janairun 1996. George Clooney da Tarantino suka fito a matsayin wa da ƙani, Seth da Richie Gecko, Harvey Keitel kuma ya fito a matsayin Jacob Fuller, limamin coci da imaninsa ya raunana bayan rasuwar matarsa. Bayan fitowarsa a sinima fim ɗin ya ci gaba da tara masoya ta hanyar kaset da faifai, har aka yi masa ci gaba guda 2, sannan aka mayar da shi shirin talabijin mai dogon zango a 2014. Irin wannan hanya ce finafinan waje ke bi su iso ƙasar Hausa: da can kaset da gidajen kallo, yau kuma shagunan da ake tura wa mutum fim a waya.

Dutsin-Ma gari ne na ɗalibai. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Kurfi na kan hanyar da ta haɗa Dutsin-Ma da birnin Katsina. Yankin bai yi nisa da Safana da Batsari da dajin Rugu ba. A watan Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandare ta Ƙanƙara, a Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, don daƙile 'yan bindiga. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru, da su yake zama gaban fim. Tambayar maƙalar ita ce: me irin wannan mai kallo yake gani a fim ɗin da masu sharhin Turai da Amurka ba su tsaya a kansa ba?

2.0 Waiwaye

Larkin (1997, 2008) da Abdalla Uba Adamu da Krings (2015) sun yi aiki mai ɗorewa a kan yadda Hausawa ke karɓar finafinan waje su sarrafa su. Sai dai hankalinsu ya fi karkata ga finafinan Indiya da jigon soyayya, ban tsoro bai samu kaso mai yawa ba. Ba ni da ja da su a nan.

Jayayyata da wani layin nazari ne daban, wanda nake girmamawa ƙwarai. Luise White (2000) ta tattara jita-jitar zamanin mulkin mallaka a Gabashi da Tsakiyar Afirka, inda ake cewa 'yan kwana-kwana da wasu ma'aikatan Turawa suna kama mutane su zuƙe musu jini. Ta nuna cewa irin wannan zance madogara ce ta tarihi, domin ta nan talakawa ke bayyana yadda aikin Bature ke tatsar ƙarfinsu. Pamela Schmoll (1993) ta yi aiki a kan maita a ƙasar Maraɗi, ta kawo ƙorafin mutane cewa maitar da a da gado ce yanzu ta zama abin da ake saya da kuɗi. Adeline Masquelier (2002) ta rubuta a kan iskokin hanya a yankin Dogondutsi, waɗanda ake ɗora wa alhakin haɗurran mota a kan babbar kwaltar Nijar. Dukansu sun koya mana tambaya guda: mai shan jini alamar mece ce? Amsar kuwa kusan kullum ita ce jari-hujja, ko mulkin mallaka, ko ruɗanin zamani.

Tambayar tana da amfani, amma ɗalibanmu sun mayar da ita mabuɗin kowace ƙofa. Da sun ga dodo a labari sai su shiga neman abin da yake wakilta, su manta da mutumin da ke tsaye kusa da dodon riƙe da bindiga. A yankin da ake biyan kuɗin fansa da kuɗin gona da na shanu, ba na ganin ya dace manazarci ya yi wannan mantuwa. Tambayar da na fi so a yi ita ce: idan mai shan jini ya shigo labari, laifin wa yake rufewa?

3.0 Hanyar Bincike

An bi fim ɗin fitowa bayan fitowa, ana lura da wanda labarin ke jan mai kallo ya tausaya wa a kowane mataki. An auna abin da aka gani da tunanin Bahaushe game da maita da 'yan shan jini, da kuma yadda masu kallo a wannan yanki suka saba raba taurarin fim gida biyu, akta da bos.

4.0 Daga Bos Zuwa Akta

A bakin masu kallonmu, akta shi ne wanda ake so ya yi nasara, bos shi ne mugun da dole a kashe kafin fim ya ƙare. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan sa'a ɗaya ta farkon fim ɗin, babu shakka Seth da Richie bos ne. Sun yi fashin banki a Texas. A fitowar farko sun kashe jami'in tsaro da ma'aikacin shagon giya, suka bar shagon yana ci da wuta. A bayan motarsu akwai wata ma'aikaciyar banki mai suna Gloria da suka yi garkuwa da ita. A masaukin da suka sauka Seth ya zaunar da ita ya karanta mata sharuɗɗa, ya yi mata alkawarin cewa idan ta bi umarni za ta tsira. Ya fita, kafin ya dawo Richie ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Seth ya yi faɗa, amma bai rabu da ƙaninsa ba. Abin da suka yi na gaba shi ne neman wasu sababbin mutanen da za su kama, suka tsare Jacob da 'yarsa Kate da ɗansa Scott da bakin bindiga, suka tilasta musu ƙetarar da su iyakar Meziko a cikin motar iyalin.

Duk abin da ke cikin wannan sashe mutumin Kurfi ya san shi. Alkawarin da ake yi wa wanda aka kama, uban da ke haɗiye fushinsa don kada a taɓa 'ya'yansa, ɗan bindigar da ke kallon budurwa da mugun nufi, tafiyar dole zuwa wurin da hukuma ba ta isa ba, duk labarai ne da ake ji daga bakin waɗanda suka dawo daga daji. Fitowar da ta fi nauyi ita ce ta shingen kan iyaka, lokacin da jami'i ya shiga duba motar, 'yan fashin suna ɓoye a banɗakin motar tare da Kate, Jacob kuwa dole ya yi wa mai iya cetonsa ƙarya. Babu dodo ko ɗaya a nan, amma a nan ne numfashin mai kallonmu ke tsayawa.

Sannan labari ya juya. Sun isa wata mashaya a cikin hamada, inda za su jira wani Carlos har wayewar gari. Faɗa ya ɓarke, jini ya zuba daga hannun Richie, mai rawar da Salma Hayek ta fito a matsayinta ta rikiɗe ta cije shi. Ma'aikatan gidan duka suka zama dodanni. Daga nan har ƙarshe yaƙi ne da turakun katako da ruwan da limami ya yi wa addu'a da gicciyen da aka haɗa da bindiga da sanda. Wannan sashe yana da jini da yawa, amma tsoronsa na wasa ne, har da ban dariya a ciki, kuma dodanninsa na roba da kwalliya ba su yi kama da wani abu da ke hana mutum barci a Dutsin-Ma ba.

Abin lura shi ne ayyuka guda uku da dodannin suka yi wa Seth. Na farko, sun kawar masa da Richie. Wanda ya fi kowa ƙazantar laifi shi ne farkon wanda aka cije cikin matafiyan, don haka hukuncinsa ya fito daga hannun dodo, ba kotu ba, ba dangin Gloria ba, kuma mai kallo ya ji kamar an biya bashi. Na biyu, sun mayar da mai garkuwa da waɗanda ya kama abokan yaƙi. Seth ne ma ya zaburar da Jacob ya koma ga imaninsa don ya iya tsarkake ruwan yaƙi, wato ɗan fashi ya zama mai wa'azi ga limami. Na uku, sun sauya ma'aunin mugunta. Da zarar an ga abin da ba mutum ba, duk wani mutum ya zama namu, ko da shi ne ya jawo mu cikin bala'in. Kafin gari ya waye Jacob da Scott sun mutu, Seth ya tsira da kuɗin fashinsa, ya ɗebi wani abu ya miƙa wa Kate, ya kama hanyarsa. Bos ya zama akta ba tare da ya tuba ba, kuma sunan Gloria bai sake fitowa ba.

Ba na cewa Rodriguez da Tarantino sun shirya yaudarar kowa. Wasa da nau'o'in fim suka yi, kuma sun iya. Abin da nake cewa shi ne dabarar tana aiki a kan kowane mai kallo, sai dai wanda ya san ɗacin kuɗin fansa ya fi saurin gane abin da aka yi masa.

4.1 Maye da 'Yan Shan Jini

Dodannin fim ɗin ba su da alaƙa da maye. Mayen Bahaushe na cikin gida ne ko na unguwa, kurwa yake kamawa, ana cewa yana da ƙanƙara a ciki, kuma idan an zarge shi akan tilasta masa ya tsallaka marar lafiya don ya sake shi. Waɗanda suka fi kama da dodannin fim ɗin su ne waɗanda ake kira 'yan shan jini ko 'yan mafiya, da ake dangantawa da dukiyar dare ɗaya da haɗurran kan hanya. Mashayar fim ɗin direbobin manyan motoci da masu babura kaɗai take karɓa, mutanen da idan sun ɓace ba a san inda za a fara nema ba. Hoton ƙarshe ya nuna cewa ginin yana saman wani tsohon haikalin Aztek ne, bayansa kuwa rami ne cike da gawarwakin motoci. A nan karatun Masquelier ya zauna daidai, kuma na yarda da shi.

Amma kamancen yana da wani gefe mai haɗari. Yadda dodo ya rufe laifin Seth a fim, haka zancen maita da shan jini kan rufe laifin da ke da mai shi a zahiri. Mota ta kife saboda ramukan hanya da gudun wuce sa'a, a ce an sha jini. Yaro ya mutu da zazzaɓin cizon sauro, a nuna wata tsohuwa marar gata. Wanda ya kamata a tuhuma ya sha, wanda ba shi da mai kare shi ya ɗauki duka.

5.0 Iyakokin Binciken

Fim ɗaya aka nazarta, kuma ba a raba takardun tambayoyi ba, don haka maƙalar ba ta da alƙaluma. Za a iya cewa matashin da ke kallo a waya nishaɗi kawai yake nema, kuma mata na iya karanta labarin Kate da Gloria ta wata fuskar da ban kai gare ta ba. Na karɓi wannan. Sai dai bai taɓa ginshiƙin hujjar ba, domin tsarin labarin yana nan a cikin fim ɗin ga duk mai son dubawa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rabon da aka saba yi wa From Dusk Till Dawn ya dogara ne da inda mai kallo yake zaune, kuma masu shan jinin cikinsa kayan aiki ne na wanke mai laifi. Salon bai mutu ba, domin fim ɗin Sinners na Ryan Coogler (2025) ma ya haɗa 'yan'uwa biyu masu tarihin laifi da masu shan jini a dare guda. Marubutan Kannywood da ke sha'awar haɗa labarin 'yan bindiga da na tsafi suna da 'yancin aron wannan gini, amma ina roƙonsu kada su bari boka ko aljani ya ɗauke wa ɗan bindiga nauyin abin da ya aikata da hannunsa. Manazartan sassan Hausa a Dutsin-Ma da Katsina kuma su ne suka fi kowa cancantar zama da masu kallo, maza da mata, su rubuta abin da suke cewa da bakinsu.