Fitilun matakala da katanga masu ƙaramin ƙarfin wuta: Abin da ya kamata magidanta a Kudancin Kaduna su sani

A garuruwan Kudancin Jihar Kaduna da dama, ba ko'ina ake samun fili shimfiɗaɗɗe na gina gida ba. Daga Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, zuwa Kagoro da ke gindin duwatsu, har zuwa Kwoi da Zonkwa, akwai gidaje da makarantu da wuraren ibada da aka gina a kan gangare. Irin wannan gini yana zuwa da abubuwa uku: matakala daga bakin hanya zuwa ƙofa, dakali ko baranda mai tudu, da kuma katangar da ke tare ƙasa don kada ruwa ya zaftare ta. Da rana duk waɗannan ba abin damuwa ba ne, amma idan dare ya yi kuma babu wuta, kowane gefe nasu wurin faɗuwa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi shafa. Haskaka matakala na ɗaya daga cikin hanyoyi mafi arha na rage wannan haɗari. Sai dai yadda aka ja wutar zuwa waje na iya kawo wani haɗarin da ya fi na farko muni.

Mene ne ƙaramin ƙarfin wuta?

Wutar da ke shiga gidaje a Najeriya, ko ta kamfanin Kaduna Electric ce ko ta janareta, tana zuwa ne da ƙarfin kimanin bolt 230. Wannan ƙarfi ya isa ya kashe mutum, musamman idan yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ƙa'idar Hukumar Kula da Fasahar Lantarki ta Duniya, wato IEC, wutar da ba ta wuce bolt 50 ba a tsarin AC, ko bolt 120 a tsarin DC, ita ake kira mai ƙaramin ƙarfi ainun. Fitilun matakala da na lambu kuwa galibi suna aiki ne da bolt 12 ko 24, ƙasa sosai da wannan iyaka.

Amfanin hakan a fili yake. Damina a wannan yanki takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan ya fi na arewacin jihar yawa. Wayar da aka bi da ita ta jikin katanga ko ƙarƙashin ƙasa za ta sha ruwa, ɓera ko gara na iya cinye rigarta, mai sharar ciyawa na iya sara ta da fartanya. Idan bolt 230 ke cikinta, yaron da ya taka wurin na iya rasa ransa. Idan bolt 12 ne, fitila ce kawai za ta mutu.

Abin da ya sa wannan tsari ya yiwu cikin sauƙi shi ne ƙwan LED. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED, wanda daga gare shi aka samu farin haske mai cin wuta kaɗan. A yau ƙwan da ke cin wat 1 zuwa 3 ya isa ya haskaka taki biyu ko uku na matakala.

Hanyoyi uku na samar da wutar

Hanya ta farko ita ce ƙaramar taransifoma ko adafta da ke rage wutar gida zuwa bolt 12 ko 24. Ana ajiye ta a cikin ɗaki ko a akwatin da ruwa ba ya shiga, domin ɓangarenta da ke karɓar wuta yana nan da ƙarfinsa na bolt 230. Dole ta kasance irin wadda ke raba ɓangaren shiga da na fita gaba ɗaya, kuma a haɗa ta ta bayan na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai ma'aunin miliamfiya 30. Rauninta shi ne idan aka ɗauke wuta, fitilun ma sun tafi, sai dai in gidan yana da inbata.

Hanya ta biyu ita ce farantin sola guda da batir guda da na'urar daidaita caji, sannan a ja waya zuwa fitilun. Wannan ya fi dacewa da wuraren da wuta ba ta tsayawa, kuma yawancin na'urorin cajin suna iya kunna fitila da kansu da faɗuwar rana, su kashe da asuba.

Ta uku ita ce fitilun da kowace ke ɗauke da ɗan farantinta da batirinta. Ba sa buƙatar waya kuma suna da arha, amma a jikin matakala ko ƙarƙashin inuwar mangwaro ba sa samun isasshiyar rana, ga shi batirinsu kan gaji da wuri. A watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki, sukan mutu kafin tsakar dare.

Lissafin da ake yawan tsallakewa

Babbar matsalar bolt 12 ita ce raguwar ƙarfi a cikin waya mai tsawo. A ɗauki misalin fitilu 10 masu cin wat 2 kowace, jimilla wat 20. A bolt 12, za su ja kimanin amfiya 1.7. Idan suna nesa da batir da mita 30, aka kuma yi amfani da wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, ƙarfin da zai ɓace a hanya ya kai kusan bolt 1.2, wato kashi 10 cikin ɗari. Sakamakon haka fitilun ƙarshe za su dushe ko su riƙa ƙyaftawa. Idan aka koma waya mai kaurin 2.5, asarar za ta sauko zuwa bolt 0.7. Idan kuma aka zaɓi tsarin bolt 24 da wayar farko, asarar ba za ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Saboda haka gida mai doguwar matakala ko katanga mai nisa ya fi dacewa da bolt 24, ko a ajiye batirin a tsakiya a raba wayar gida biyu.

Wannan lissafi na wayar jan ƙarfe ce ta gaskiya. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ke zubar da ƙarfi fiye da haka, kuma takan rube idan ta sha damshi. Ana gane ta da rashin nauyi, da kuma farin da ke bayyana idan aka kankare bakinta.

Ta fuskar batir, wat 20 na tsawon awa 10 yana buƙatar abin da ya kai amfiya-awa 17 a bolt 12. Tun da ba a son a zuƙe batirin dalma fiye da rabinsa, sai a nemi mai amfiya-awa 40 ko sama, da faranti mai wat 80 zuwa 100 domin ya ishe shi ko a ranakun hadari. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ya fi jure zuƙa kuma ya fi daɗewa.

Ƙaramin ƙarfi ba ya hana gobara. Batir guda na iya tura ɗaruruwan amfiya idan wayoyi biyu suka haɗu, har roba ta kama da wuta. Don haka wajibi ne a sanya fis daf da kan batirin.

Inda ake dasa fitilun

Manufar fitilar matakala ita ce a ga bakin kowane taki. Fitila mai ƙarfi da ke fuskantar mai hawa tana kashe masa ido, musamman dattawa, wanda kuma aka rataya a bayansa tana jefa inuwarsa a kan inda zai sa ƙafa. Abin da ya fi shi ne ƙananan fitilu masu murfi a sama, a dasa su a bangon gefe kimanin santimita 20 zuwa 30 daga kan takin, suna haska ƙasa. Taki na farko da na ƙarshe, da duk inda matakala ta yi kwana, su ne wuraren da bai kamata a bari cikin duhu ba.

A dakali da baranda, gefen da ke da tudu ake haskawa. Idan dandamalin na katako ne, a bi da wayar cikin bututun roba saboda gara da ɓeraye. Hasken da ke kwance a ƙasa yana da wani amfanin: yana nuna maciji ko kunama da suka fito shan iska a kan dutse ko siminti.

Katangar tare ƙasa tana da nata sharaɗin. Bayanta cike yake da jiƙaƙƙiyar ƙasa duk damina, shi ya sa magina ke barin ƙananan kafofi a ƙasanta don ruwa ya fita. Kada a cusa waya ko fitila a waɗannan kafofi, domin toshe su na tara ruwa har katangar ta tsage ko ta kife. Wurin fitila shi ne ƙarƙashin leɓen saman katangar, inda hasken zai gangaro a jikinta. Mafi alheri a binne bututun waya tun lokacin gini, maimakon a zo ana fasa katangar da ke ɗauke da nauyin ƙasa.

Alamomin da za a duba kafin saye

A jikin kowace fitilar waje ta kirki akwai haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko na nuna kariya daga ƙura, ta biyu daga ruwa. IP44 ya isa ƙarƙashin rumfa. Wadda ruwan sama zai doka kai tsaye tana buƙatar IP65, wanda kuma ke hana ƙurar hunturu shiga. Wadda za a binne daidai da ƙasa, inda ruwa kan kwanta, sai IP67 ko sama. Yawancin lalacewa daga mahaɗar waya take farawa, don haka naɗa salatif kaɗai ba ya wadatarwa; a yi haɗin cikin akwati mai rufi, a ɗaga shi daga ƙasa.

Launin haske ma abin lura ne. Mai ɗan ja-ja, wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K, bai cika tara ƙwari ba kamar fari fat mai 6500K. Duk wanda ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko ya san bambancin, kuma inda ƙwari suka taru, kwaɗi na biye, macizai na bayansu.

Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake sayarwa, yayin da Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ke duba ayyukan haɗa wuta tare da ba masu aikin takardar shaida. Duk abin da ya shafi ɓangaren bolt 230 aikin mai irin wannan takarda ne.

Kulawa

Tsarin ba ya buƙatar hidima mai yawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa goge farantin sola da gilasan fitilu, saboda ƙura na rage caji da haske. Kafin ruwan Afrilu a buɗe akwatunan haɗi a duba tsatsa da gidan tururuwa, a tabbatar kafofin katanga a buɗe suke, a kuma datse ciyawar da ta rufe fitilun. Idan fitilun nesa suka fara dushewa alhali na kusa suna da haske, a fara bincikar mahaɗar waya kafin a sayi sabon batir.