Jita mai murya biyu: abin da ya kamata a sani kafin a zuba kuɗi

Akwai wata jita da Faransawa ke kira électro-acoustique, wadda ake kaɗawa haka nan a tsakar gida, a kuma jona ta da ampili in taro ya yi yawa. Matasa masu sha'awar kiɗa kan roƙi yayyensu da ke Libiya, Aljeriya ko Turai su aiko musu da ita. Kuɗin gumi ne, bai kamata a saye ta da ka ba.

Mece ce ita?

Gangar jikinta akwatin katako ne mai rami a ciki da baki a gaba, kamar yadda ƙwarya take ga gurmi. Tsirkiya shida gare ta. In an kaɗa, jijjigar tsirkiya na bi ta kan jaki ta shiga allon gaba, akwatin ya ƙara mata ƙarfi. Wannan ita ce murya ta farko, ba ruwanta da wuta. Murya ta biyu kuma tana fitowa ne daga ƴar na'urar da ke ɗaukar jijjigar ta mai da ita lantarki, ta bi waya zuwa bafil.

Kamfanin Ovation na Amurka, wanda Charles Kaman ya kafa, shi ya yaɗa irin wannan jita a farkon shekarun 1970. Takamine na Japan ya biyo baya a ƙarshen shekarun, Yamaha kuma ya fito da samfurin APX a 1987.

Na'urorin ɗaukar sauti iri uku

Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce fiyezo: siririn abu ne da ake shimfiɗawa ƙarƙashin farin ƙashin da ke kan jaki, in an matsa shi sai ya ba da lantarki. Wa da ƙane, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan hikima a Faransa a 1880. Fiyezo na jure hayaniyar taro, amma muryarsa na da kaifi da bushewa, musamman in makaɗi na da nauyin hannu.

Ta biyu mai maganaɗisu ce, ana maƙala ta a bakin akwatin. Muryarta na da kauri, ta ɗan yi kama da ta jitar lantarki zalla. Sai dai da tsirkiyar ƙarfe kaɗai take aiki, ba ta jin ta nailan.

Ta uku ƙaramin mikro ne a cikin akwatin. Shi ya fi kawo muryar katako yadda take, amma shi ya fi saurin sa bafil kuka. Masu tsada kan haɗa mikro da fiyezo, makaɗi ya gauraya yadda yake so.

Yawancinsu suna da maɓallai a gefe na ƙara sauti da daidaita kauri da kaifi, kuma da yawa pil mai bolt 9 suke ci.

Me ke sa sauti ya yi daɗi?

In ba a jona ba, allon gaba ne sarki. Na katako guda, wanda ba a manna ba, ya fi amo da zurfi. Na falle-falle da aka haɗa da gam ya fi arha, muryarsa ba ta kai ba. Babban akwati ya fi ƙara, siriri kuma ya fi sauƙin riƙo, bai cika kuka a ampili ba, amma in babu wuta muryarsa ƙarama ce.

Da zarar an jona, lissafi ya canza. Fiyezo matsin tsirkiya ya fi ji a kan amon katako, shi ya sa jita mai matsakaicin kuɗi da na'ura mai kyau kan yi kusa da mai tsada a filin biki. Ampili ma na da nasa rabo: na jitar lantarki na sauya mata murya, gara a jona ta kai tsaye a sono. In kuka ya tashi, a ja baya daga bafil, ko a toshe bakin akwatin da marfin roba da ake yi don haka.

Tsada da daraja ba ɗaya ba ne

Manyan samfuran Martin da Taylor na kai dubban dalolin Amurka, yayin da Yamaha, Cort da Ibanez ke da na ɗaruruwa. To amma a ƙasarmu akwai alƙalin da bai san suna ba, wato hunturu. Masu ƙera jita na son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yakan sauka ƙasa da 20 a rani. Katako guda na ƙanƙancewa har ya tsage, na falle-falle kuwa ya fi jurewa. Ga zafi na sassauta gam, ga tsirkiyoyin ƙarfe na jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70. Don haka ga mai yawon bukukuwa a kan babur, mai arhar kan fi mai tsadar amfani.

Kafin a biya

A kaɗa ta ba wuta, sannan a jona a sake kaɗawa. A saurari tsirkiya ɗaya-ɗaya, kada wata ta danne wata. A murɗa maɓallai da bakin waya, a ji ko suna ƙarar-ƙarar. A duba wuya ko ya lanƙwashe: a ƙarfe na 12, tazarar tsirkiya kada ta wuce milimita 3, in ba haka ba yatsu za su sha wuya. A leƙa bayan jaki ko ya fara ɗagowa. Mai aikowa daga waje ya sassauta tsirkiyoyi, ya haɗo da jaka mai kauri, waya da tsirkiyoyin canji.

Kulawa

A zare waya in an gama, domin muddin tana ciki pil na ci. In za a daɗe ba a kaɗa ba, a cire pil ɗin kada ya zubo. Da hunturu a ajiye ta cikin jaka tare da ɗan soso mai laima a robar sabulu mai huji, ba tare da ruwa ya taɓa katako ba. Kada a bar ta a rana, kada kuma a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan.

A tuna fa, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ke zagaya duniya da kiɗa yau, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Wanda ya samu ƴar madaidaiciya mai lafiyayyen wuya ya riƙe ta da kyau, ya dage da koyo. Allah ya sa albarka a abin da aka aiko.