Tarihin Musayar Bayanan Kasuwanci Tsakanin Kwamfutoci

Musayar bayanan kasuwanci tsakanin kwamfutoci, wadda ake taƙaitawa da EDI, hanya ce da manhajar wani kamfani ke aika odar kaya, rasit ko takardar neman biya kai tsaye zuwa manhajar wani kamfanin, ba sai akawu ya sake buga su da hannu ba. Manufarta ita ce abin da ke littafin mai saye ya yi daidai da na mai sayarwa.

Ana danganta asalinta da jigilar kaya zuwa Berlin a 1948. Da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa zuwa yammacin birnin, jiragen saman Amurka da Birtaniya suka kai sama da tan miliyan 2 na abinci da kwal. Takardun lodi kuwa kowace da irin tsarinta. Edward Guilbert, wani sojan Amurka mai kula da jigila, shi da abokan aikinsa suka tsara takarda iri ɗaya da za a iya aikawa ta waya. Bayan ya bar soja ya kai dabarar kamfanin DuPont. A 1968 kamfanonin sufuri na Amurka suka kafa kwamitin TDCC don fitar da ƙa'ida guda, kuma ya wallafa ƙa'idojinsa na farko a 1975.

Daga nan ƙa'idoji suka yawaita: X12 a Amurka daga 1979, TRADACOMS a shagunan Birtaniya a 1982, sai EDIFACT ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987. Aika saƙon bai taɓa zama babbar wahala ba. Wahalar tana wajen yarda kan ma'ana. Kamfani ɗaya na ƙirga kaya da katan, ɗayan da ɗai-ɗai. Wannan na fara rubuta kwanan wata da rana, wancan da wata. Lambar da sito ya ba buhun sukari ba ita dillali ya sani ba. Kuskure irin wannan kan sa a loda mota da kayan da babu wanda ya nema, don haka aikin daidaita lambobi ya ci lokacin ma'aikata sosai.

A cikin kamfanonin kuma manhajojin gudanarwa sun haɗe lissafi, sito da albashi wuri guda. Kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, ya fitar da manhajar R/3 a 1992, wadda ke amfani da tsarin saƙo mai suna IDoc wajen magana da manhajojin waje. A lokacin yawanci tara bayanai ake yi, a aika da dare.

Intanet ta rage kuɗin aikin, ta kuma ƙara masa sauri. Tsarin rubuta bayanai na XML ya fito a 1998, Roy Fielding ya bayyana tsarin REST na haɗa manhajoji a 2000, a shekarar ce kuma kamfanin Salesforce ya buɗe wa manhajojin waje ƙofar karanta bayanai da rubuta su. A 2002 kamfanin Walmart ya buƙaci masu kawo masa kaya su koma aika EDI ta intanet. Saurin ya zo da tasa matsalar: idan ɓangarori biyu suka gyara adireshin abokin ciniki a lokaci guda, dole a riga an yanke na wanda za a bi.

Daga baya hukumomin haraji suka shigo. Italiya ta wajabta wa kamfanoni aika takardun neman biya ta na'urar gwamnati daga 2019, Nijeriya kuma ta fara irin wannan da manyan kamfanoni a 2025.