Zamyatin da Littafinsa da Aka Haramta

A shekarar 1921 marubucin Rasha Yevgeny Zamyatin ya kammala ƙagaggen labarinsa mai suna "Mu". Labarin wata ƙasa ce da mutanenta ba su da suna sai lamba, suna zaune cikin gidajen gilashi domin kada a ɓoye wa hukuma komai. Wanda ya yi tunanin kansa, mara lafiya ake ɗaukarsa, har tiyata ake yi masa. Hukumomin Tarayyar Sobiyet suka hana buga littafin, sai a Amurka ya fara fitowa da Turanci a 1924. Zamyatin ya bar ƙasarsa a 1931, ya rasu a Faransa a 1937. Marubuci George Orwell ya karanta littafin kafin ya wallafa nasa mai suna "1984". Abin takaici, ba a buga littafin a ƙasar marubucinsa ba sai 1988.