Dogon Harsashi a Gajeren Ɗaki

A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Winchester na Amurka ya yi abin da ɗan kasuwa ba ya yi da son ransa. Ya yi wa waɗanda suka sayi bindigarsa ta farauta samfurin 1893 tayin su maido ta a musanya musu da sabuwa, samfurin 1897. Bindigar ba ta tsufa ba, shekara huɗu ke nan da fitowarta, kuma wanda ya zana ta, John Moses Browning, shi ne gwanin maƙeran bindiga na zamaninsa. Laifinta guda ne. An ƙera ta domin baƙin albarushi, sai ga kasuwa ta cika da harsasai masu sabon albarushi marar hayaƙi, waɗanda suka fi ƙarfi, suka kuma ɗan fi tsawo. Sabon harsashin yana shiga tsohuwar bindigar lafiya lau, a rufe ta, a ja kunama, ta tashi. Abin da ya hana kamfanin barci ke nan.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, maharba ba su daina yin tambayar da ta samo asali daga wancan lokaci ba: shin bindigar nan da muke ji a labarai da sunan fam-akshan za ta iya ɗaukar harsashin da aka rubuta wa magnum ba tare da ta cutar da mai ita ba? Amsar gajeriya ce, ana iya rubuta ta a layi biyu. Amma wanda ya san yadda aka yi aka zo nan ba ya bukatar haddace ta.

Bari mu kira bindigar mai zuge, domin haka take aiki. A ƙarƙashin bututunta akwai mariƙi na katako ko roba. In maharbi ya zuge shi baya, kwanson da aka harba ya faɗo, in ya tura shi gaba, sabon harsashi ya hau, ƙofa ta kulle. Christopher Spencer ne ya fara kai irinta kasuwa a farkon shekarun 1880, amma samfurin 1897 na Browning ne ya kafa ta. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1957, kuma sojojin Amurka sun shiga ramukan Yaƙin Duniya na Farko da ita, har gwamnatin Jamus ta kai ƙorafi a hukumance a 1918.

Abin lura shi ne hannun mutum ke yin aikin. Bindiga mai ɗura kanta tana dogara da iskar harbi ko naushinsa kafin ta fitar da kwanso, saboda haka in harsashi ya yi rauni sai ta cije. Mai zuge ba ruwanta. Rarrauna ne ko ƙaƙƙarfa, hannu zai ja, hannu zai tura. Daga nan ta samu sunan bindigar da ba ta zaɓen abinci, kuma yabon gaskiya ne, sai dai an faɗaɗa shi ya wuce inda ya tsaya. Ba ta damu da nauyin abin da ke cikin harsashi ba matuƙar an yi shi domin ɗakinta. Tsawonsa kuwa wata magana ce dabam.

Ɗaki shi ne wurin da harsashi ke kwanciya a gindin bututu. Ya fi sauran bututun faɗi kaɗan, kuma a gabansa akwai maƙogwaro, inda faɗin ke tsukewa sannu a hankali har ya daidaita da bututu. Harsashin farauta kwanso ne na roba, a da na takarda, mai gindin ƙarfe, cike da albarushi da matoshi da ƙwayoyin dalma, an naɗe bakinsa ciki an rufe. To ga inda mutane ke ruɗewa: tsawon da ake rubutawa a kwali tsawon kwanson ne bayan an harba shi, bakin ya warware. Harsashin inci 3 da ba a harba ba bai wuce inci 2¾ ba, don haka yana zama daram a ɗakin inci 2¾. Sai an ja kunama bakin yake neman wurin buɗewa, ya tarar ɗaki ya ƙare, ya buɗe a cikin maƙogwaro. Hanyar da ƙwayoyi da matoshi za su bi ta ƙara ƙunci a daidai lokacin da matsin iska ke kan ganiyarsa. Bindigar 1893 ɗakinta inci 2⅝ ne, sabon harsashi kuwa 2¾. Ɗaya bisa takwas na inci, haɗe da sabon albarushi, ya sa Winchester ya gwammace ya yi asarar bindigogi.

Kalmar magnum ba ta shigo ba sai daga baya, kuma ba ma'aunin komai ba ce. A harshen Latin tana nufin babba. Masu sayar da ruwan inabi a Turai suna kiran kwalba mai lita ɗaya da rabi da wannan suna, maƙeran bindiga na Ingila suka ara, kamar yadda kamfanin Holland & Holland ya yi wa harsashinsa na farautar manyan namun daji a 1912. Kalmar talla ce, tana gaya wa mai saye cewa wannan ya fi na jiya.

Abin da ya kai ta ga bindigar tsuntsaye shi ne agwagin daji da doka. A Amurka ta ƙarni na 19 farautar agwagi sana'a ce, ana kashe su da yawa a kai kasuwannin birane, wasu ma da manyan bindigogi da ake ɗaurawa a kan kwalekwale. Da tsuntsayen suka soma ƙarewa, sai aka kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1918, aka hana sayar da su, aka kuma hana farautarsu da bindigar da ta fi lamba 10 faɗi. (Lambar nan tsohon lissafi ne: lamba 12 na nufin in aka dunƙule dalma daidai faɗin bututun, dunƙule 12 ne za su yi nauyin fam ɗaya. Shi ya sa ƙaramar lamba ita ce babbar bindiga.) A 1935 aka ƙara taƙaita maharbin agwagi ga harsashi uku kacal a cikin bindiga, aka hana shi yaudarar tsuntsaye da hatsi ko da agwagin gida masu rai. A ganina wannan shi ne tushen maganar. An rage wa maharbi faɗin bututu, an rage masa yawan harbi, an nesanta shi da tsuntsu. Abin da ya rage masa shi ne ya cusa ƙarin ƙwayoyi a cikin kowane harsashi.

Mutumin da ya fi kowa cin ribar wannan shi ne John Olin na kamfanin harsasai na Western a jihar Illinois, wanda shi kansa maharbin agwagi ne. Tun farkon shekarun 1920 ya fitar da harsashin Super-X mai albarushi da ke ci a hankali, yana tura kaya mai nauyi ba tare da matsin ya yi tsalle lokaci guda ba. A 1931 Western ya saye Winchester, mai harsashi da mai bindiga suka koma gida ɗaya. A 1935 suka fitar da wani nau'i na bindigarsu mai zuge samfurin 12, mai ɗakin inci 3, da nauyin jiki fiye da na sauran, musamman domin agwagi. Wannan karon an koyi darasin 1897: tare aka fito da dogon harsashi da bindigar da aka yi dominsa. Amma miliyoyin bindigogi masu gajeren ɗaki suna nan a hannun mutane, kuma dogon harsashin yana shiga cikinsu duka.

Sai aka ƙara dagula lissafin. Kamfanoni suka soma sayar da harsashin inci 2¾ mai ƙarin ƙwayoyi, shi ma suka sa masa magnum. Irin wannan ba ya cutar da lafiyayyar bindigar zamani mai ɗakin 2¾, domin tsawonsa daidai ne kuma matsinsa bai wuce ƙa'ida ba. Ke nan kwali biyu na iya ɗauke da kalma ɗaya, ɗaya ya dace da bindigarka, ɗaya bai dace ba.

Ƙa'idar matsin ta cancanci a tsaya a kanta, don tana rushe wani zato. Ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyaka ɗaya ga harsashin lamba 12 na inci 2¾ da na inci 3: fam 11,500 a kan kowane inci murabba'i. Tayar mota kan ɗauki wajen 32 a wannan ma'auni. Wato harsashin inci 3 a cikin ɗakinsa bai fi gajeren matsa wa ƙarfe ba, kaya kawai ya fi shi ɗauka, kamar giram 53 na dalma a inda harsashin yau da kullum ke ɗaukar 32. Haɗarin yana zuwa ne in an sa shi a ɗakin da ba nasa ba.

Zango na uku ya zo ta hanyar da ba wanda ya zata. Agwagi kan tsinci ƙananan duwatsu su haɗiye domin ƙundunsu ya niƙa abinci, sai suka riƙa haɗiye ƙwayoyin dalmar da suka zube a fadamu, gubar tana kashe su. Binciken Frank Bellrose na 1959 ya nuna girman ɓarnar, aka yi ta jayayya shekara da shekaru, har a 1991 aka hana farautar tsuntsayen ruwa da dalma a faɗin Amurka. Aka koma ƙwayoyin ƙarfe. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, giram 7.8 ne a inda dalma ke da 11.3, saboda haka ana bukatar manyan ƙwayoyi da ƙarin wuri. A 1988 kamfanin bindigogi na Mossberg da na harsasai na Federal suka fitar da harsashin lamba 12 mai inci 3½, tare da bindiga mai zuge samfurin 835 da aka ƙera dominsa. Shi wannan iyakar matsinsa 14,000 ce. A nan tsawo da ƙarfi sun haɗu, kuma sa shi a ɗakin inci 3 kuskure biyu ne a harbi ɗaya. Ƙwayar ƙarfe kuma ba ta lotsewa kamar dalma, tana iya kumbura bakin tsohon bututu mai tsukakken baki ko da tsawon harsashin daidai ne.

Gaskiya ita ce ba kullum bindiga ke fashewa a harbin farko ba. Ana ƙera ta da rarar ƙarfi. A ƙasashen Turai da dama ma doka ce a gwada kowace bindiga da harsashin da ya fi ƙa'ida matsi kafin a sayar, a buga mata hatimi, al'adar da ta kai shekara ɗaruruwa: gidan gwaji na Landan ya samo asali daga 1637, na Bamingham daga 1813. Saboda wannan rarar, wanda ya sa dogon harsashi a gajeren ɗaki sau da yawa abin da zai gani shi ne naushi mai tsanani, kwanso mai yagaggen baki, mariƙi da ya ƙi zugewa. Sai ya ce ai na gwada, ba abin da ya faru. Wannan shaidar ce ta fi komai yaudara. Rarar da aka bari domin ranar da laka ta shiga bututu ko tsatsa ta ci ƙarfe, ita yake ci kullum, kuma yau da gobe ba ta bar komai ba. Ɗakin nan kuwa bai fi taƙi ɗaya daga idon maharbi ba, hannunsa na hagu yana ƙarƙashin bututun.

Bindigar Remington 870, wadda ta fito a 1950 aka kuma ƙera fiye da miliyan 10, ta nuna wani ɓangaren matsalar. Ana iya cire bututunta a sa wani cikin minti ɗaya. A tsofaffin samfura masu lamba 12, lambar jiki da ta ƙare da harafin V ta inci 2¾ ce, mai ƙarewa da M ta inci 3. In aka ɗora bututun inci 3 a jikin V, harsashi zai tashi a ɗakinsa amma dogon kwanson zai riƙa maƙalewa wajen fita. In aka ɗora bututun 2¾ a jikin M, bindigar ta koma ta 2¾ komai sunan da ke jikinta. Gajeren ɓangare ne ke yanke hukunci.

Ba labarin Amurka kaɗai ba ne. Mai zuge tana hannun maharba da 'yan sintiri a ƙasashenmu, wasu da lasisi, wasu kuwa ta bayan fage suka shigo, kamar guda 1,100 da jami'an kwastan suka kama a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas a 2017, an ɗauko su daga Turkiyya. Bindigar da ta bi hannu uku kafin ta iso ga mai ita ba ta zuwa da takardar bayani. Abin da take zuwa da shi rubutun da aka buga a gefen bututu ne, kusa da ɗaki. Na Amurka a inci suke rubutawa, na Turai da Turkiyya a milimita: 12/70 shi ne inci 2¾, 12/76 inci 3, 12/89 inci 3½. Tsofaffin bindigogin Ingila masu baki biyu da yawa ɗakinsu milimita 65 ne, ko harsashin yau da kullum ya yi musu tsawo. Gajeren harsashi yana tashi lafiya a dogon ɗaki, dogo ba ya tashi lafiya a gajere. In rubutun ya goge, maƙerin bindiga na iya auna ɗakin, shigar harsashi dai ba awo ba ne.

Ko da lambobi sun dace, saura kafaɗa. Mai zuge ba ta da na'urar da ke shanye naushi kamar mai ɗura kanta, kuma nauyinta bai cika wuce kilo uku da rabi ba. Harsashin inci 3½ mai giram 64 na dalma ninki biyu ne na kayan da aka saba, kuma duk abin da ya fita gaba yana da rabonsa da ke komowa baya. Ƙarfe zai jure, amma jiki magayi. Maharbin da ya sha naushi sau biyu yakan soma runtse ido yana fizgar kunama kafin harbi na uku, tsuntsun da aka sayi dogon harsashi dominsa ya wuce abinsa.